Daga burtu zuwa kagu: tsuntsaye masu ƙarancin dangi da yadda nake bin su da kyamara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masana sun ƙirga nau'in tsuntsaye a duniya ya kai wajen 11,000, kuma sun raba su dangi-dangi, dangin nan kuwa sun kai kusan 250. To amma rabon bai zo daidai ba ko kaɗan. Akwai dangin da shi kaɗai ya kwashe nau'i sama da 400, irin 'yan kama-ƙudan nan na nahiyar Amurka, dangin tattabaru da kurciyoyi da su hasbiya ma sun haura 300, sannan a can ɗaya gefen akwai dangin da in ka ƙirga sai ka tarar nau'i biyu ne kacal, ko uku, kai wasu ma guda ɗaya tilo, ba wa ba ƙani. Irin waɗannan masu nau'i ɗaya tal sun haura 30 a duniya. Ƙananan dangin nan ne suka fi cin raina tun da na fara riƙe kyamara, kuma su nake so mu tattauna yau.

Dalili kuwa shi ne, in aka rasa nau'i ɗaya a cikin dangi mai mutum 300 an yi asara babu shakka, amma siffarsu da ɗabi'arsu suna nan a jikin sauran 'yan uwa. Wanda yake shi kaɗai kuwa kamar babban gida ne da zuri'a ta ƙare saura tsoho ɗaya, ranar da ya kwanta dama an rufe ƙofar gidan kenan, duk abin da gidan ya gada na miliyoyin shekaru ya tafi da shi. Shi ya sa a cikin masu yawon kallon tsuntsaye akwai waɗanda ba ruwansu da tara nau'i dubu-dubu, burinsu kawai su ga aƙalla ɗaya daga kowane dangi, su ɗauke shi hoto. Lissafin ya fi sauƙi a takarda, 250 ai ba 11,000 ba ne, amma a aikace wahala ce zalla don ƙananan dangin nan a warwatse suke, wani a tsibiri can tsakiyar teku, wani a cikin kogo, wani a kan dutsen ƙanƙara.

Bari na ɗan zagaya da ku waje tukuna kafin mu dawo gida. Waɗannan na waje a littafi da bidiyo da hotunan wasu na san su, kuɗin zuwa wurinsu ba ƙarami ba ne.

A dazukan Amazon da kogin Orinoko a Kudancin Amurka akwai wani da ake kira howatsin. Ganye yake ci, kuma ganyen a maƙoshinsa yake ruɓewa ya narke irin yadda tumbin saniya ke yi, shi ya sa yake warin kashin shanu har mutanen wurin ba su cika son namansa ba, wanda hakan ma ya taimake shi. Abin da ya fi ba ni mamaki 'ya'yansa ne, ana ƙyanƙyashe su da farata a jikin fukafukai, sheƙar kuma a kan reshen da ya leƙa ruwa ake yinta, in wani abu ya kawo hari sai ɗan ya saki jiki ya faɗa ruwa ya yi iyo, in ƙura ta lafa ya kama reshe da faratan nan ya hau ya koma gida. Har yau masana na ta kai-komo kan wane ne ɗan uwansa na kusa. Ƙasar Guyana ta ɗauke shi tsuntsun ƙasa. Masu hoto sun ce shi ba ya wahalar ɗauka, a kwalekwale ake zuwa, yana nan zaune a reshe yana huci.

Kagu kuma a tsibirin Sabuwar Kaledoniya kaɗai yake, gabas da Ostareliya. Launin toka ne da shi, jan baki, jan ƙafa, da dogon tukku da yake miƙarwa in ya fusata. Fukafukai na nan amma kusan ba ya tashi, a ƙasa yake rayuwa, ƙwai ɗaya yake yi a shekara. Da Turawa suka kawo karnuka da kyanwoyi da aladu da ɓeraye tsibirin sai ya zama abinci, saura ƙiris ya ƙare, sai da aka tsaya tsayin daka wajen kare shi a gandun dajin Rivière Bleue sannan ya ɗan farfaɗo. Kuma wai ɗan uwansa mafi kusa a duk duniya yana can Kudancin Amurka, wani tsuntsun bakin rafi mai zanen ido a fukafuki, shi ma shi kaɗai ne a danginsa, ga teku mai faɗin dubban kilomita a tsakaninsu. Ikon Allah kenan.

Sauran da sauri: akwai tsuntsun mai na Benezuwela da maƙwabtanta, wanda ke kwana a kogo ya fita da dare cin 'ya'yan itace, yana gane hanya a duhu da amsa-kuwwar muryarsa, masanin nan Bajamushe Humboldt ya bayyana shi bayan ya shiga kogonsu a 1799, da can mutane kan dafa 'ya'yansa su tatsi mai saboda tsabar kitse. Madagaska ita kaɗai tana da ƙananan dangi da dama da babu su a babban yankin Afirka, wani mai nau'i 3, wani 4, wani 5. Tsibiran Karebiyan suna da 'yan mitsi-mitsin korayen nan todi, nau'i 5, ɗaya a Kyuba, ɗaya a Jamaika, ɗaya a Fotoriko, biyu a tsibirin da Haiti take. Kiwi na Niyuzilan ma 5 ne. A gaɓar Bahar Maliya da Tekun Fasha akwai wani fari da baƙi mai cin ƙaguwa wanda ke haƙa rami a yashi ya yi ƙwai a ciki, shi ma tilo ne, 'yan uwanmu da ke Fot Sudan ko masu zama Jidda za su iya cin karo da shi a bakin teku.

Na Afirka da ya fi suna a wurin masu hoto shi ne mai bakin takalmi, Larabawa na ce masa abu markub. Tsayinsa ya haura mita ɗaya, yana tsayawa cik a cikin fadama ba motsi har sai gaiwa ta leƙo shan iska ya afka mata gaba ɗaya da katon bakin nan. Yana fadamar Sudd a Sudan ta Kudu, da Bangweulu a Zambiya, amma da yawa daga cikin hotunan da kuke gani a intanet a Mabamba aka ɗauke su, kusa da Entebbe a Yuganda, inda masunta suka koma masu kai baƙi a kwalekwale. Dubbai kaɗan suka rage a duniya.

To yanzu ga inda nake son zuwa. Mutum zai biya kuɗin jirgi daga Ingila ko Amurka ko Japan ya zo Afirka ta Yamma takanas don dangi huɗu ko biyar da ba zai samu cikin sauƙi a wani wuri ba, alhali mu a bayan gari muke da su, wasu ma a cikin karin maganarmu da tatsuniyoyinmu suke, amma in ka nemi hoto mai kyau wanda ɗan ƙasa ya ɗauka a Katsina ko Zinder ko Azare sai ka sha wuya. Wannan abin yana damuna ƙwarai.

Ɗauki burtu. Da yawa suna ɗauka babban cilakowa ne kawai, kuma gaskiya 'yan uwa ne na nesa, amma masana sun ware masa dangi nasa daban mai nau'i biyu rak: namu na arewa wanda ya bazu daga Senegal har Habasha, da na kudu wanda ke Kenya zuwa Afirka ta Kudu. Namu baƙi ne wuluk, tsayinsa ya kusa mita ɗaya, yana da wani ƙoƙo a saman baki mai buɗaɗɗen gaba, ga gashin ido zara-zara wanda in hoto ya fito da shi sai ka yi ta kallo. Namiji fatar wuyansa ja ce da shuɗi, ta mace shuɗiya ce gaba ɗaya, da haka ake bambance su daga nesa. Farin gashin fukafukinsa ba ya fitowa sai ya tashi, kuma ba ya son tashi, ya fi son ya yi ta takawa yana tsintar fara da ƙadangaru da macizai da kunamu, musamman a inda aka yi ƙunar daji. Da asuba ake jin kukansa, wata murya mai zurfi da ke tafiya nesa.

Kowa ya san maharbanmu na da da kan burtu suke farauta, mutum ya ɗaura kan a goshi ya lulluɓe da baƙin zane ya duƙa yana tafiya yana sassara ƙasa da bakin, barewa da gada su ɗauka burtu ne har ya matso inda kibiya za ta kai. Wannan dabara ta yi aiki ne saboda a lokacin burtu abu ne da namun daji suka saba gani kullum. Wani dattijo maharbi da na zauna da shi a wani ƙauye a ƙasar Bauchi, na ce masa Baba yaushe rabonka da ganin burtu da rai, ya yi shiru ya ce ɗana tun kafin a sare manyan itatuwan bakin rafi, kan da ke rataye a ɗakinsa ma na mahaifinsa ne. Maganarsa ta yi daidai da abin da masana ke faɗa, don burtu a kogon babbar bishiya yake sheƙa, irin tsohuwar kuka ko wani katon icce mai rami, in babu irin waɗannan babu haihuwa. Sannan haihuwar tasa a hankali take, ƙwai biyu ake yi amma galibi ɗa ɗaya ke rayuwa, babban ya fi ƙarfin ƙaramin wajen karɓar abinci, kuma sai ya yi kusan wata uku a rami kafin ya fito. Tsuntsun da ke haihuwa haka in aka kashe manya goma a yanki ɗaya ba a shekara biyu ko uku za a mayar da su ba. A 2018 ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN ta saka namu a jerin waɗanda ke fuskantar barazana.

Ni a Yankari na samu hotonsa da nake alfahari da shi, kuma daga cikin mota. Wannan ita ce babbar dabara da burtu: kar ka sauka. Yana da ido sosai, da ya ga mutum a tsaye zai juya baya ya fara takawa, ba gudu ba amma ba za ka taɓa cim masa ba, sai ka dawo da hoton ƙeya. Mota kuwa bai cika damuwa da ita ba, a kashe inji, ka ɗora kyamara a kan taga bisa wani ƙunshin tsumma ko 'yar jakar wake don kar hannu ya yi rawa. Matsala ta biyu baƙin jikinsa, kyamara in ta ga baƙin abu a cikin busasshiyar ciyawa mai haske sai ta rikice, ko ta maida shi dunƙulen duhu ba ido ba gashi, ko ta ƙone ciyawar ta yi fari fat. Ina ɗan ƙara haske da hannu, in sa wurin saiti a kan ido, kuma ina neman sa da sassafe kafin hantsi ya daga ko da la'asar sakaliya lokacin da rana ke dukan sa ta gefe, a nan ne jan wuyan da shuɗin ke fitowa yadda suke.

Sai carki, wanda duk wanda ya taɓa bin shanu ya san shi. Shi ma danginsa nau'i biyu ne a duk duniya kuma duka a Afirka: namu mai bakin rawaya da ja a tsini, da na gabashi da kudancin Afirka mai jan baki gaba ɗaya. Da ana haɗa su da wani babban dangi, daga baya aka ga sun isa su tsaya da kansu. Rayuwarsa kaf a bayan dabba take, a nan yake ci, a nan yake hutawa, har gashin dabbar yake tsigewa ya shimfiɗa a sheƙa. Ƙafarsa na da farata masu kaifi, jelarsa mai tauri ce yana dogara da ita, shi ya sa za ka ga ya zagaya cikin saniya ta ƙasa ya ɓullo ta ɗaya gefen bai faɗi ba. Yana cin kaska, wannan gaskiya ne, amma Fulani ba su yi ƙarya ba da suke ƙorafi a kansa, don in ya samu gyambo ba ya barin sa ya warke, yana tonawa yana shan jini. Wani bincike da aka buga a 2020 a Afirka ta Kudu ya nuna karkandar da ke ɗauke da carki ta fi saurin gane mutum na matsowa, saboda ita ba ta gani sosai, kukan carkin ne ke ankarar da ita.

Yanzu carki ya yi ƙaranci a garake da yawa, kuma sanadin da aka fi sani shi ne maganin kaska da ake fesa wa shanu ko a yi musu wanka da shi, kaska ta mutu abinci ya ƙare, wani maganin ma tsuntsun yake kashewa kai tsaye. A Afirka ta Kudu irin namu ya taɓa ɓacewa gaba ɗaya a farkon ƙarni na 20, sai wajen 1979 aka sake ganin ya dawo gandun Kruger da kansa. Ban ga laifin makiyayi ba, dukiyarsa yake karewa, amma akwai magunguna da ba su cutar da tsuntsun, kuma ya kamata malaman dabbobi su riƙa faɗa wa mutane. Wajen hoto, carki sai da yardar mai shanu. Ka je ruga ka yi sallama, ka gaisa da manya, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nuna musu hotunan da ke cikin kyamarar, in sun yarda sai yaro ya raka ka ka tsaya kusa da shi don shanun ba su san ka ba. Farar saniya ta fi daɗin ɗauka don tana maido haske a jikin tsuntsun. Ni na fi son hoton da saniyar ta fito sosai, ƙaho da kunne da ido, don carki ba tare da dabbarsa ba rabin labari ne.

Wanda Turawa suka fi yi wa tattaki a yankinmu kuwa wani ɗan ƙaramin tsuntsun bakin kogi ne da masana ke kira Pluvianus aegyptius, shi kaɗai ne a danginsa. Duk da Masar da ke cikin sunan, ya daɗe da ƙarewa a can, yanzu sai a manyan kogunan da ke kudu da Sahara masu tsibiran yashi, irin Kwara da Binuwai da rassansu, da Farin Volta a arewacin Gana, da kogin Gambiya. In ka gan shi ba za ka manta ba: baya shuɗi-shuɗi mai toka, ciki ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, kai baƙi da farin layi a saman ido, da baƙin zare da ya zagaye ƙirji, in ya buɗe fukafukai kuma sai ka ga zanen fari da baƙi tsaf. Shi ne aka daɗe ana cewa yana shiga bakin kada ya sakace masa haƙora, labarin tun daga Herodotus, masanin tarihin tsohuwar Girka, yake yawo, amma babu wanda ya taɓa kawo hoto ko bidiyo na gaskiya da ya nuna haka, wanda ke yawo a intanet haɗa shi aka yi da kwamfuta. Abin da yake yi na gaskiya ma ya fi wannan ban mamaki. Ba ya sheƙa, a cikin yashi yake binne ƙwansa, in rana ta take yashi ya yi zafin da zai dafa ƙwan sai ya ruga ruwa ya jiƙa gashin cikinsa ya dawo ya kwanta a wurin ya sanyaya shi, haka zai yi ta yi har rana ta yi sanyi. 'Ya'yan ma in hatsari ya zo sai su lafe, uwar ko uban ya watsa musu yashi ya rufe su ruf.

Saboda haka nake roƙon duk mai son ɗaukar sa, dan Allah in ka ga yana ta kai-komo tsakanin ruwa da wuri ɗaya a yashi, ka ja baya. Minti kaɗan da za ka hana shi komawa ya isa ya kashe ƙwan, kuma kana iya taka su ba ka sani ba tunda ba a ganinsu. Hanyar da ta fi ita ce ka zo da rani lokacin da ruwa ya ja yashi ya fito, ka nemi inda yake kiwo a gefen ruwa, ka kwanta rub da ciki nesa kaɗan ka yi shiru, shi ba matsoraci ba ne, sau da yawa da kansa zai tako har gabanka, a mashayar da mata ke wanki ma yana yawo a tsakaninsu. Hoton da aka ɗauka daga ƙasa daidai idonsa ya fi wanda aka ɗauka a tsaye nesa ba kusa ba, bayan ya narke ya yi laushi tsuntsun ya fito shi kaɗai. Yana da gudu, don haka ina sa saurin ɗauka ya kai 1/1000 na daƙiƙa ko sama. A kula da yashi kuma, ba a canza gilashin kyamara a wurin, in ya shiga ciki sai mai gyara. Abin da ke cin wannan tsuntsu shi ne madatsun ruwa da ke canza lokacin cika da janyewar kogi, da kuma tifofin da ke kwasar yashi ba dare ba rana.

Akwai kuma mai kan guduma, wanda a littattafai ake kira hamakof, ruwan ƙasa ne duk jikinsa, yana tsayawa a bakin kududdufi yana kama kwaɗi. Shi ma tilo ne, kuma 'yan uwansa na kusa su ne mai bakin takalmin nan da kwasakwasa. Tsuntsu ne matsakaici amma sheƙarsa takan kai mita ɗaya da rabi a faɗi, an rufe ta da rufi, ƙofa ta ƙasa an shafe ta da laka, tana iya ɗaukar nauyin mutum, kuma sukan gina fiye da ɗaya a shekara ko ba su yi ƙwai a ciki ba, sai mujiya da wasu su samu gidan kyauta. Wannan ba sai ka je gandun daji ba, fadama mai 'yan bishiyoyi ta isa. Alhudahuda ma da ya zo a Suratun Namli ƙaramin dangi ne, nau'i biyu ko uku ya danganta da lissafin da ka bi, kuma shi sai ka yi haƙuri ka jira lokacin da ya sauka, a daidai saukar ne yake baza tukkunsa na ɗan lokaci.

Maganar jimina kuwa tana sa ni baƙin ciki. Nau'i biyu ne a danginta, ta gama-gari da ta Somaliya mai shuɗin wuya wadda aka amince nau'i ce daban a 2014. Tamu ta Sahel mai jan wuya ita ce mafi girma. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake figini da takalmin gashin jimina a fada, a ƙarni na 19 kuma gashinta na cikin manyan kayan da ayari ke ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus, har a 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu ta turo tawaga ta musamman ƙasar Hausa neman irin jiminarmu saboda kyan gashinta, suka koma da sama da 100 a jirgin ruwa. A Nijar ta ƙare a daji, har a duwatsun Ayar, shi ya sa aka koma kiwonta a killace a Kelle ta wajen Gure da niyyar a sake ta a daji. Wanda ke son hotonta a daji sai ya nufi Waza a Kamaru ko Zakuma a Cadi. Ina da hoton jimina a gidan zu da na gidan wani mai hali, amma ban sa su a lissafina ba, shingen waya ne a bayanta.

Biyu ne suka rage mini a kusa da nake ta addu'a a kansu. Ɗaya dogon nan mai farautar maciji da ƙafa da ke jikin tambarin Sudan da na Afirka ta Kudu, wanda aka auna ƙarfin shurinsa a 2016 aka ga ya ninka nauyin jikinsa sau biyar, tun 2020 yana jerin masu hatsarin ƙarewa kuma a Afirka ta Yamma ganinsa ya zama sai an dace. Ɗayan kuma mai sanƙon kan nan Picathartes da ke gina sheƙar laka a jikin duwatsu cikin kurmi, nau'i biyu ne, ɗaya a Kuros Riba da Kamaru, ɗayan daga Gini zuwa Gana. A Gana an yi shekaru da dama ba a gan shi ba har aka fidda rai, sai a 2003 aka sake gano shi, yanzu mutanen ƙauyen Bonkro ne ke tsaron wurin suna kai baƙi, ana zama a kan benci a gindin dutse da yamma a yi tsit har su dawo kwana, kuɗin da baƙi ke biya kuma yana shiga ƙauyen.

Nasan wani zai ce duk wannan sai mai babbar kyamara. Gilashi mai milimita 400 yana taimakawa ba musu, amma akwai ƙananan kyamarori masu dogon zum na hannu da ake samu da sauƙin kuɗi, kuma ko waya ka kanga a bakin madubin hangen nesa za ka samu hoton da za a gane tsuntsun. Abin da ya fi kayan aiki wahala a wurinmu yanzu tsaro ne, dazuka da yawa da a da ake shiga yanzu ba mai hankalin da zai tunkare su, sannan dogon gilashi yana jawo zargi, don haka duk garin da ka je ka fara gaida mai unguwa ko dagaci, ka samu ɗan gari ya raka ka, kar ka ɗaga kyamara kusa da shingen jami'an tsaro ko gada. Lokacin hunturu kuma hazo na cinye launi, sai ka matsa kusa ko ka jira ranar da gari ya washe.

Najeriya na da nau'in tsuntsaye sama da 900, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a Laminga kusa da Jos, akwai kuma shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da matasa 'yan sa-kai ke zagayawa suna rubuta abin da suka gani, har da tawagar Arewa. Duk wanda ya ga burtu ko carki ko ɗan bakin kogin nan, ya ɗauka ko da waya ce, ya rubuta rana da sunan gari, ya tura musu ko ya sa a eBird, shafin intanet na masu kallon tsuntsaye. In kuma sheƙar burtu ce ka gano, ka gaya wa masu binciken kai tsaye, kar ka sa wurin a Facebook, don har yanzu akwai masu sayen kansa a kasuwa.